Inda Nake Ɗaga Reza

A shagona akwai kujerar aski ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwar hagu, da wata tsohuwar rakoda a kan kanta, tsakanin gwangwanin hoda da kofin burushi. Kaset ɗaya ne a cikinta. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya san shi, ko yana so ko ba ya so. Taken wani tsohon fim ɗin Indiya ne, kiɗan da ake buɗe fim ɗin da shi, a kuma rufe da shi. Yayana ne ya ɗauko shi a silima tun ina ƙaramin yaro, da rakoda a ɓoye cikin rigarsa, ni kuma ina zaune kusa da shi. Na asalin ya daɗe da tsinkewa. Wanda ke hannuna jikan jikansa ne, an kwafa an sake kwafewa, har shuuu ɗin da ke bayan kiɗan ya zama kamar ruwan sama a kan kwano.

Ban yi nisa a makaranta ba. Ɗan abin da na sani a tsofaffin littattafai na tsinto shi, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi, wasu ba bango, wasu ba farko. Matsalar wanda ya koyar da kansa ita ce ba shi da malamin da zai ce masa ya isa haka. A layinmu Farfesa ake ce mini. Na daɗe ina ɗauka girmamawa ce.

Ga yadda kiɗan yake. Sarewa ce ke farawa ita kaɗai, siririya, kamar mai kiran wani daga nesa amma tana kunyar a ji ta. Sai masu goge su shigo, taro guda, su ɗauki abin da ta faɗa a ɓoye su faɗe shi a fili. Daga nan ƴan gangunan nan nasu da ake kaɗawa da yatsu su fara tafiya a ƙasa, sannu a hankali. Sai muryar wata mata ta taso, ba kalma ko ɗaya, aaa kawai, tana hawa tana hawa har ka ji tsoron za ta tsinke. Tana kaiwa ƙoli sai komai ya ɗauke. A daidai nan wani sauti ke fitowa daga can ƙasa, mai kauri, mai kaushi, a ja shi a saki, a ja shi a saki, kafin masu goge su dawo su rufe.

A wurin nake ɗaga reza. Ko ina tsakiyar gemun mutum ne sai na ɗaga ta sama, in ɗaga yatsa ɗaya na ɗaya hannun, in ce, "Ka ji? Kowa zai iya sa sarewa ta yi kuka. Amma wannan, wani goge ne nasu mai kaurin tsirkiya, ba kowa ke iya taɓa shi ba. Kuma ka lura bai bi ganga ba. Da gangan aka yi. Baƙin ciki ba ya bin ganga."

Shekara da shekaru ina wannan bayani, ba a taɓa yi mini musu ba. Na ɗauka ƙarfin hujjata ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutumin da kumfa ta rufe masa baki, ga reza a kan maƙogwaronsa, ba ya cikin halin yin musu ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ba, shi ne Direba. Tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye aiki, kansa ba gashi sai gemu, gemun yake kawo mini duk ƙarshen mako. Shi ko da rezar a wuyansa sai ya yi magana.

"Farfesa," ya kan ce, "ni dai in motata ta yi wannan ƙarar, a take zan kashe ta in kira makanike."

"Kunnen da ya sha hon ba zai gane ba."

"Na yarda. Amma kunnen ne ya kai ni ya dawo da ni, ban taɓa kwana a daji ba."

Haka muke da shi. In ya yi sati bai zo ba sai in ji shagon ya yi mini faɗi.

Mijin ƴata ne ya jawo abin, kuma da kyakkyawar niyya. Gyaran waya yake yi, mutum ne mai kunya, in yana yi mini magana takalminsa yake kallo. Wata rana ya zo aski ya tarar ina juya kaset ɗin da biro saboda zaren ya saki. Ya ce, "Baba, wannan ai ya kusa tafiya. In ka yarda in nemo maka na ainihi a waya, tsaf, ba wannan shuuu ɗin."

Direba yana kan benci. Ya yi wuf ya ce, "Yawwa, Allah ya yi maka albarka. Ka haɗo da babbar sifika ranar da zan zo aski, mu ji gogen Farfesa tangaran. Ko ni ma a dace in shiryu."

Na ce ba laifi. Har murna na yi. Na ga ranar da Direba zai sunkuyar da wannan sanƙon nasa.

Tsakiyar mako, da rana tsaka, lokacin da ba kowa a shagon sai ƙudaje, surukin nawa ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya samo, yana so in fara ji. Ya ajiye wayar a kan kanta ya danna.

Ban san haka kiɗan yake ba. Kamar madubin da ka saba gani da ƙura ne aka wanke shi. Ashe akwai wasu ƴan ƙararrawa a bayan sarewar, ban taɓa jin su ba. Ashe matar nan ana jin sanda take jan numfashi. Ta fara hawa, hannuna ya tashi da kansa, ba reza a ciki. Ta kai ƙoli. Komai ya ɗauke.

Ba abin da ya fito. Masu goge suka dawo suka rufe, hannuna yana nan a sama.

"Sun yanke," na ce.

"To, Baba."

"Mutanen yanzu haka suke. Abin da ba su gane ba sai su yanke shi."

Ya nemo wani, muka ji. Ya nemo fim ɗin gaba ɗaya, muka ji farkonsa, ya ja har ƙarshe muka ji. Babu. Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce a hankali, "Baba, in kana so, zan iya ciro shi daga kaset ɗinka in dasa a wurin. Ba wanda zai gane."

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

Tunanin kuwa na yi shi, har sai da na yi wa wani bawan Allah aski gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ya tafi yana waiwayen madubi. Na ce wa kaina, wa za a cuta? Mai kiɗan bai san da ni ba. Direba ba abin da zai rasa. Kuma mai yiwuwa ne wanda aka nuna a silima a wancan zamanin yana da sautin, daga baya aka cire. In haka ne, dasa shi gyara ne, ba ƙarya ba. Amma in ba haka ba ne fa? Kenan na sa mijin ƴata ya yi mini jabu, kuma duk sanda ya gaishe ni daga yanzu, mu biyu mun san abin da ke tsakaninmu. Na juya ta nan, na juya ta can. Na lura duk juyin da na yi, inda nake so ya faɗa can yake faɗawa, wannan ya ƙara sa ni zargin kaina.

Shaida ɗaya ce ta rage a duniya. Washegari na rufe shago, na rungumi rakodata na tafi wurin Yaya.

Yaya kafinta ne. Injin yankan katako ya cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Na same shi ya ɗora wata ƙofa a kan benci yana goge ta da takardar yashi, garin katako ya yi masa fari har gira.

"Auta! Lafiya da rakoda kamar mai tallar magani?"

Na share wuri na ajiye ta. Na yi masa bayani da ƙarfi, har yaran maƙwabta suka leƙo. Na ce ina so ya tuna, ranar nan a silima, ya ji wannan gogen mai kauri da kunnensa ko bai ji ba?

"Wane goge?"

Na kunna, na ƙure murya. Ya manna kunnensa mai ɗan dama a jikin sifikar. Sarewa ta wuce, ganguna suka wuce, matar ta hau. Sautin ya fito, a ja a saki. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Na ɗauka abin ya taɓa shi ne, har na fara jin daɗi. Sai ya ɗago, ashe dariya ce ta shaƙe shi. Ya yi ta yi har ta koma tari, ya dafa ƙofar, garin katako yana tashi.

"Wannan kake nufi?"

"Shi."

"Zauna, Auta." Ya goge ido da bayan hannu. "Ka san a farkon fim ɗin ban samu na ɗauka ba. Na sa batir a juye, ga duhu, kafin in gyara take ya wuce. Sai na jira na ƙarshe. Kai kuwa tun ba a yi rabi ba ka ɓingire, kanka a kan cinyata, ga mura ta toshe maka hanci. Rakodar tana cikin rigata, daidai bakinka. Na yi ta ture kanka, kana dawo da shi."

Ya nuna hancina da yatsa.

"Minsharinka ne, Auta."

"Amma na ga ƙarshen fim ɗin," na ce. "Na tuna. Har kuka na yi."

"Ka yi kuka, amma a hanya. A bayana kake goye, ka farka kana kuka an hana ka gani, na ba ka labarin yadda ya ƙare don ka yi shiru. Ban ma tabbata daidai na faɗa maka ba."

"Me ya hana ka gaya mini tuntuni?"

"Me?"

"Na ce me ya hana ka gaya mini!"

"Ka taɓa tambayata? Kai in ka zo bayani kake yi, ni kuma in na ga bakinka yana motsi sai in gyaɗa kai. Na dai ji ana cewa kana tsayar da aski a kan abin. Wallahi na ɗauka ka sani, tsokanar mutane kake yi. Har na ce ashe yaron nan yana da ban dariya."

Ya sake fashewa. Na ɗauki rakodata. Har na kai bakin titi ina jin tarinsa.

A gida na tarar da maman yara tana guga a tsakar ɗaki, ta tara kaya a kan kujera. Na ajiye rakodar, na zauna a bakin gado. Na ce ina da tambaya, kuma ina son gaskiya.

"Kai da tambaya? Yau kuma?"

"Sautin nan na cikin kaset. Mai kaurin nan."

Ta tsayar da dutsen gugar a kan gindinsa. Ta dube ni, ta dubi rakodar.

"Ashe yau ka gane."

"Kin sani?"

"Malam, ni da ake kunna mini shi kullum ba kaset, ba batir?"

"Tun yaushe?"

"Tun satin da aka kawo ni. Ka kunna mini shi kana bayani, idonka har da ƙwalla. Na ce a raina ikon Allah, wannan goge ai na san shi. Ya dai ƙara kauri yanzu, amma shi ne. Yadda yake ɗan tsayawa a tsakiya kamar zai fasa, sannan ya ci gaba."

"Kuma kika yi shiru."

"Ina amarya zan ce maka hancinka ne? Daga baya kuma abin ya yi nisa. Ka gaya wa ƴan'uwana, ka gaya wa maƙwabta, har likitan da ya duba maka ido ka gaya wa."

Na tambaye ta, wannan shirun nata tausayi ne ko kuwa dariya take yi mini a ciki duk shekarun nan? Domin in tausayi ne, to ta ɗauke ni wanda ba zai iya ɗaukar gaskiya ba. In kuma dariya ce…

"Kai dai komai sai ka mai da shi shari'a," ta ce. "Duka biyun ne. Wata rana wannan, wata rana wancan." Ta ɗauki dutsen, ta juya rigar. "Amma abu ɗaya ka faɗa daidai. Ba ya bin ganga."

Yanzu tambayar ta zama tsirara. Da ina iya cewa gyara ne, yanzu na san jabu ne. Kuma hanyar a buɗe take. Yaya ba ya zuwa shagona. Maman yara ta riƙe abin tun tana amarya, ba yanzu za ta saki ba. Surukina bai san komai ba sai cewa sautin ya ɓata. Na ɗauki waya har na nemo lambarsa.

Zan so in ce tsoron Allah ne ya hana ni dannawa, ko littattafan da na karanta. Akwai ɗan wannan. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne na hango kaina. Ga minsharina an wanke shi tas, yana fita ta babbar sifika, ga ni na ɗaga yatsa ina cewa baƙin ciki ba ya bin ganga, alhali na san majina ce. Da wawa ne ni ban sani ba, kuma na ji daɗin abina. Wawan da ya sani kuwa, kullum sai ya yi aikin da hannunsa. Na ga ba zan iya ba, musamman da reza a wuyan mutum. Na kira surukin na ce ya kawo yadda yake.

Ranar ta zo. Direba ya baza labari, don haka benci ya cika: ga mai wanki, ga tela na shagon kusa, ga wasu biyu da ba aski ya kawo su ba. Direba ya hau kujera, na ɗaura masa tawul, na shafa kumfa har kunne. Surukina ya jona sifika a ƙasan madubi, ya koma bakin ƙofa ya tsaya kamar mai shirin gudu.

Na naɗe rezar na ajiye ta a kan kanta, inda kowa zai gani.

"Yau kowa na iya musu," na ce. "Kunna."

Sarewa ta fara. Tela ya ce kai, ashe haka yake da kyau. Matar ta hau, ta kai ƙoli, komai ya ɗauke. Duk suka juyo suna kallon hannuna. Masu goge suka dawo.

"To," in ji Direba ta cikin kumfa. "Ina gogen? Ya tafi hutu?"

"Babu goge. Ba a taɓa yin sa ba."

Na ba su labarin kamar yadda Yaya ya ba ni, da batir ɗin, da cinyar, da murar. Ban rage komai ba, don na san in na rage maman yara ko Yaya wani zai cika wata rana. Na kai ƙarshe. Sai Direba ya fashe da dariya, kumfa ta yi tsalle ta manne a madubi. Mai wanki ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Surukina ya juya baya yana kallon titi, amma na ga wuyansa yana motsi.

"Na ce injin mota ne," Direba yana haki, "ashe girmama shi na yi! Farfesa, shekara nawa kana tsare mu da makami kana sa mu sauraron hancinka?"

"A kawo masa kambu," in ji tela. "Shi kaɗai ne a layin nan ya yi waƙa da Indiyawa."

"Kuma bai ma farka ba!"

Na tsaya na sha. Ba yadda na iya, ni na ajiye rezar da hannuna. Na rasa inda zan sa ido, sai na sa shi a kan tsagar madubin.

Da dariyar ta lafa, Direba ya goge idonsa da gefen tawul ya ce wa surukina, "Sake mana daga farko. Ɗazu gogen nake jira, ban ji komai ba."

Aka sake. Wannan karon ni ma ba abin da nake jira. Matar ta hau har inda take hawa, aka ɗauke mata komai daga ƙasa, muryar ta tsinke, ƙarshenta ya rataye a iska yana dushewa. Shagon ya yi tsit, har ana jin fanka. Na ga mai wanki ya buɗe baki bai rufe ba. Na lura ni kaina ban ja numfashi ba, ba kuma wanda ya ja, sai da masu goge suka dawo muka sauke shi tare. Ashe mutumin da ya tsara kiɗan nan duk hawan da ya sa matar ta yi, don wannan ɗan wurin ne. Ya share shi ya bar shi ba komai a ciki. Ni kuma tun ina yaro na kwanta a kai.

Yatsana ya tashi ban sani ba.

"Kun ji?" na ce. "Wannan shirun, in kun lura, ba shiru ne kawai ba. Abin da yake nufi shi ne…"

"Farfesa," Direba ya ce, bai ko buɗe ido ba. "Da ka cika shi da hanci. Yanzu kuma da baki za ka cika shi?"

Na sauke yatsan. Kumfar fuskarsa ta fara bushewa, na tsoma burushi na sake jiƙa ta. Na buɗe rezar.

"Ɗaga haɓarka," na ce.